Fedar da Ta Riƙe Ƙafar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta sa yayanta a ido ba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau muke. Gwaggo ta samu sauƙin ciwon gwiwa har ta koma faɗan da ta saba yi da mai gyaran famfo, ka san ta, in ta fara faɗa to ta warke. An dawo da maigidana ofishin kusa da gida, yanzu da wuri yake dawowa ya cika ni da labarin abokan aikinsa. Ni kuwa ina nan ina fama da 'yan aji huɗu da ƙurar alli.

Na zaɓi takarda a kan waya ne domin duk sa'ad da ka kira Baba yana kusa, kunnensa kuwa ba ya jin kiran shan magani amma yana jin raɗa daga ɗaki na uku. A saƙonka na ƙarshe ka ce in tambayo maka wane irin keken hawan dutse ya dace ka saya masa, mai shokozoba, abin nan da ke shanye gargadar hanya, gaba da baya ko mai na gaba kaɗai, har ka turo hoton wani mai sirdin da ke sauka in an danna maɓalli. Zan ba ka amsa. Amma sai na fara gaya maka wani abu da aka ɓoye maka, kuma ni ma da hannuna a ɓoyewar.

Ka tuna yadda ka bar Baba bayan rasuwar Mama. Mako biyu ka yi ka koma, mu muka ga sauran. Ya rufe shagon ɗinki, ya ɗauke kujerarta ya kai bakin taga, nan yake wuni yana kallon titi. Likita ya ce sukarinsa da jininsa duk sun hau, in bai motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Abokinsa Direba ne ya fitar da shi. Shi ya ja shi shagon Dogo mai gyaran keke suka zaɓo wancan shuɗin keken na hannu mai faffaɗan taya, shi kuma ya nuna masa siririyar hanyar da ta bi ta bayan gonaki ta haura dutse. Cikin wata uku Baba ya zama wani mutum. Da sassafe yake fita da hular kwano a ka, ya dawo da laka har gwiwa yana neman abinci kamar saurayi. Likita da ya ga sakamakon gwaji sai da ya sake duba sunan da ke kan katin.

To sai kayanka suka iso, fedar nan mai kama takalmi da takalmanta. Yaya, da ka ga fuskarsa. Ya zagaya gidan Gwaggo da kwalin a hammata, ya nuna wa mai shago, ya nuna wa mai wanki, yana cewa irin wadda ɗansa ke hawa da ita ce a can. Dogo ya ɗaura masa, amma bai ɓoye masa gaskiya ba. Ya ce wannan feda ta masu gudu ce, ƙarfen ƙasan takalmi yana shiga cikinta ya kulle, kuma ba ta sakin ƙafa sai mutum ya murɗa diddigensa waje. Ya ce ya yi ta gwadawa a jikin bango tukuna. Baba ya ce shi da ya shekara arba'in yana taka keken ɗinki ba za a koya masa taka feda ba. Abin da bai lura da shi ba, shekara arba'in ɗin nan su ne matsalar. Idon sawunsa sama da ƙasa kawai ya sani, bai taɓa koyon juyawa gefe ba, na dama ma ya ƙage.

A fita ta uku abin ya faru. Direba ne ya ba ni labari daga baya, bayan na matsa masa. Sun gangaro wajen rafi sai ga tumaki sun cika hanya. Baba ya ja birki ya tsaya lafiya lau, ya zo sauke ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ya ja, ya sake ja, keke ya karkata da shi a hankali ya kwanta a kan duwatsu kamar buhun da aka jingina bai jinginu ba. Gwiwar hannunsa ta kuje, ƙugunsa ya bugu. Direba ya ce ciwon ba wani babba ba ne, amma ya daɗe a kwance da keke manne a ƙafarsa, sai da aka zare masa takalmin kafin ya iya tashi, makiyayin kuma yana tsaye yana kallo. Baba ya roƙi Direba kada ya gaya wa kowa, ya dawo gida ya sa riga mai dogon hannu.

Daga ranar keke ya koma jingine a baranda. Yau ya ce sanyi, gobe ya ce taya ba iska, jibi ya ce bacci bai ishe shi ba. Mako uku haka, sai na shigo wata safiya na same shi a kujerar bakin taga, ya zuba tagumi.  Na ji tsoro ƙwarai, domin na san inda zaman kujerar nan yake kai shi. Da na gane dalili na ce a cire fedar a mayar da ta da. Ya ce a'a, kyautar ɗansa ce, ba mai taɓa ta. A ranakun nan ne ka kira ka tambaye shi yadda ya ji ta, ya ce maka sai wanda ya gwada, ni kuma ina gefe na ce ƙwarai kuwa. Ka yafe mini wannan.

Na je wajen Dogo ni kaɗai bayan an tashi makaranta. Ka san shagonsa, tayoyi rataye a rufi, sarƙoƙi a cikin gwangwanin mai, shi kuma ba ya ɗago kai in yana magana. Na karanta masa tambayarka. Ya ce keken Baba ba abin da ya same shi, kuma mai shokozoba biyu nauyi kawai zai ƙara wa mutumin da ba tsalle yake yi ba. Ya ce abin da tsoho ke bukata a hanyar dutse shi ne feda mai faɗi mai 'yan haƙora da ke riƙe tafin takalmi ba tare da ta kulle shi ba, sai sabon robar birki, sai a rage iskar taya kaɗan don ta kama ƙasa, in an samu hali kuma a ƙara wa keken giya mai sauƙin takawa saboda hawa. Ya ba ni fedar da sifana, ya fara yi mini wani bayani a kan ta hagu, ni kuwa hankalina na kan agogo, na ce na gane na fito.

Ranar Asabar da hantsi na tsuguna a baranda, na ce ko Baba zai yi fushi sai dai ya yi. Ta dama ta kwance ba gardama. Ta hagu kuwa na murɗa, na murɗa, na sa ƙafa na danna sifana, ko motsi. Gumi ya jiƙa ni, ɗankwali ya zame, ina ta yi wa ƙarfe masifa. Ashe yana kallona ta taga tun farko. Sai na ji dariya, irin wadda rabon da in ji tun Mama na da rai. Ya fito yana share ido, ya ce malamar makaranta guda ba ta san fedar hagu a juye take kwancewa ba, tun ɗazu ƙara ɗaure ta nake yi. Ya ce in matsa kafin in karya masa keke. Ya karɓi sifana, ya juya ta ɗaya wajen, da ƙyar ta saki saboda ɗaurin da na yi mata.

Yana riƙe da ita a hannu sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi ba faɗuwar ce ta dame shi ba. Abin da ya kasa shi ne ya buɗe baki ya ce maka ya tsufa da kyautarka, kai da kake nesa, ba ka da hanyar kula da shi sai ta kwali. Ya ba ni tausayi. Muka ɗaura sabuwar tare, yana shafa giris yana yi mini gori. Washegari da sassafe na ji ƙararrawar Direba a ƙofa, suka fita. Yau kwana tara ke nan bai fasa ko rana ɗaya ba, kujerar kuma na mayar da ita ɗakin Mama bai ko neme ta ba.

Ga amsar tambayarka yanzu. Kada ka sayi keke. Shekaranjiya na shiga sito neman tsani, na tarar babu tsohon kekenka, wanda ka bari a bayan akwatuna. Na same shi a shagon Dogo an wanke shi, an sa masa sabuwar sarƙa da tayoyi, fedarka kuma tana jikinsa tana sheƙi. Dogo ya ce Baba ne ya turo shi da kansa, ya tsaya a kansa har aka gama. Da na tambayi Baba sai ya kau da kai, ya ce ai lambar takalminku ɗaya, kuma fedar ta mai ƙafar da ke juyawa ce. Takalman suna nan ya goge su ya ajiye a ƙarƙashin gadonka. Ya ce akwai wani wuri a saman dutsen da ake hango gari duka, Direba ba ya iya kaiwa saboda numfashi, shi kuma ba ya so ya hau shi kaɗai. Bai ce in gaya maka ba, bai kuma ce kada in gaya maka ba. Abin da ka yi niyyar kashewa a keke, ka kashe shi a hanya. Shekara biyu ta yi yawa, Yaya.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce ina godiya da mayafin. Ka shafa mini kan yaranka, Babban Mutum da 'Yar Baba, Allah ya yi musu albarka. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoto. Kawu da iyalinsa, da maigidana, da Direba, duk suna miƙo gaisuwa. Dogo ya ce in gaya maka ya ɗaga sirdin daidai tsawonka yadda ya tuna, in bai yi ba sai ka zo a gyara.

In ka kira Baba kada ka tambaye shi feda. Ka gaya masa ranar da za ka iso.

Taka har kullum,
Autar gidanku.