Kana Kuka Don Italiyawa, Raed

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, Raed, kai da nake marmari kamar yadda busasshiyar ƙasa ke marmarin ruwan fari, kai da yau ba wanda nake jin haushi a duniya kamarka.

Saƙonka ya iso, na saurare shi ina kan keken ɗinki. Ya habibi, kana ta ba ni labarin Italiyawan da kake karatun digiri a kansu, waɗanda suka sauka New York tun zamanin kakannin kakanni. Iyali guda a ɗaki guda, ba taga. Maza na haƙa ramin jirgin ƙasa, dillalin da ya kawo su na shan guminsu. Mata na ɗinki har idonsu ya mutu, a titi kuma ana jifansu da sunayen banza. Ka ce hoton wata yarinya da ƙunshin riguna a ka ya sa ka hawaye a ɗakin karatu.

Hawaye, Raed! Ban hana ka tausayinsu ba, wallahi sun sha wuya. Amma a wane irin ɗaki kake tsammanin na saurare ka? Tun da aka rushe unguwarmu muka koma Khumra, can gefen Jidda, labule ne kawai tsakaninmu da iyalin Kawu Ousmane. Sai ka haye teku, ka buɗe tsofaffin hotuna, sannan ka gane baƙo mutum ne?

Sau nawa zan gaya maka kafilin Baba, ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe gareji, iƙamarmu ta zama a ƙasar nan ta mutu? Halas, an buga mana hatimin fita. Bayan Babbar Sallah za mu tafi Damagaram, garin da ban taɓa gani ba sai a waya, ni da aka yanke wa cibiya a Jidda, ni da Larabcina ya fi Hausata gudu! Da na faɗa maka, ka ce in yi haƙuri, Allah na nan. Ko numfashi ba ka sauke ba ka koma kan Italiyawanka.

Ka manta yammacin nan a bakin teku? Ƙanwarka Tahani na gefe tana yi kamar ba ta ji, kofin dafaffen waken balila ya huce a hannunka don ka kasa ci. Ka rantse za ka nemi izinin aurena a wajen hukuma kafin ka hau jirgi. Ka ce da takarda ko ba takarda, ni 'yar garin nan ce. Rannan na ji kamar tekun kaf a ƙirjina aka juye shi. Ina izinin? Ina rantsuwar?

Kakanka ma da ƙafa ya iso ƙasar nan daga Katsina, da gora da sanda. Bambancinmu ɗaya ne: naka ya riga nawa zuwa, ku kuka zama 'yan ƙasa. Shi ke nan abin da ya sa mahaifiyarka ta bar Inna tsaye a ƙofar gidanku na Safa, ko ruwa ba a ba ta ba. Tahani ta gaya maka, na sani. Ko haƙuri ba ka ba mu ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne har yanzu ina sonka. Kai ne inuwata a zafin Jidda, kai ne iskar teku da ke shigowa bayan la'asar. Na yi ƙoƙarin tsanarka, zuciyar nan ta ƙi ba ni haɗin kai. Wace irin masifa ce wannan, a ce wanda ya hura wutar shi kaɗai ne ruwanta?

Ba na son baitoci, ba na son hoton dusar ƙanƙara. Ka kira mahaifinka, ka gaya masa da bakinka Sadiyya kake so. Ya tako Khumra, ya zauna a tabarmar Baba kafin mu ɗaure kaya. In izini zai daɗe, zan jira a Damagaram, zan jira har furfura, amma da maganar manya a hannuna.

Jiya Baba ya kira ni, kansa a sunkuye, ya tambaye ni ko akwai wanda zai saurari zuwansa kafin mu tashi. Na ce akwai. Kada ka mai da ni maƙaryaciya a gaban mahaifina, Raed.

Taka har ranar da za a rufe mini ido, da fushina da komai,
Sadiyya.