Kaina a Cikin Randar Mama

Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa daga Kakuri. Ya aikin jirgin ruwa a Fatakwal? Ya Anti Saratu da yara? Mu nan lafiya lau, Baba na ta zuwa masaƙa.

Yaya, an ƙwace mini littattafan soyayyata kaf. Bayan sojoji sun miƙa mulki, malaminmu ya ce tunda sabon zamani ya zo, kowa ya faɗi abin da zai zama. Ni da ko ido ba na iya ɗagawa a aji, na miƙe na ce zan zama mai nemo jiragen Sifaniyawa da suka nutse da zinariya tun zamanin da. A wata mujalla na karanta cewa a tsofaffin taswirori ake gano wurin, sannan a yi nutso. Aji ya kwashe da dariya, wai ko kogin Kaduna ban taɓa shiga ba.

Sai na fara koyon riƙe numfashi. Mama ta tarar da kaina cikin randar ruwan sha, ta kurma ihu: "Wayyo Yesu! Littattafan nan sun sa wa 'yata iska!" Har fasto aka kira. Wai sai na ce na bar zancen teku za a mayar mini da su.

Ba zan ce ba, su riƙe. Kai da ka san teku, rubuto wa Mama cewa sana'a ce, ba iskoki ba. Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa.

Randar dai an danne murfinta da dutse. Na koma bokiti.

Ƙanwarka,
Rifkatu