Kar a rufe ramin bakin ƙofa

Yaya Zalika,

Na tafi Boukoki sayen wayar kuran, wato ta lantarki, ba ki dawo daga kasuwa ba. Tiyon, wato bututun robar da wayar za ta bi ta kai wuta ga firigonki na ƙanƙara, ya kwanta a rami. Iri biyu ne. Mai kauri na sa a bakin ƙofa, inda mota take takawa, marar kaurin ya bi gindin katanga har shago.

Magini ya so ya gasa bakin ɗaya a wuta ya cusa ɗayan, wai haka ake yi tun ina ƙasar sanyi. Na ƙi. Na haɗa su da mahaɗi da kol, wato gam, na kankare bakin mai kaurin, don cikinsa ya fi matsewa. Haɗin ya zauna daram.

Kar ki bar kowa ya rufe ramin sai na ja wayar, ko da Baba ne. In ta maƙale a haɗin, sai an sake tono, aikin ya wuce farkon azumi. A ɗora katako kawai.

In ramin ya kai la'asar a buɗe, zan ja wayar, da ƙanƙararki unguwa za ta sha ruwa a farkon azumi.

Mansur