Usainar Indo

Faisal, Alƙahira, 3 ga Maris

Zuwa ga Baba Malam Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, sunana Juwairiyya, 'yar Kano ce ni, ina karatu a nan. Bayan darasi ina kula da wata tsohuwa Balarabiya, Madam Marta, a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Shekarunta tamanin da uku. Ba ɗa, ba jika, danginta sun watse ƙasashe tuntuni. Ranar da ban je ba, ba mai buga mata ƙofa.

Tana da wata tsohuwar takarda mai cewa a Bingazi, lokacin yaƙin duniya, wata Indo matar Nata'ala maɗinki ta shayar da ita. Wata biyar ina cigiya kafin a ce kai ne ɗansu. Likita ya ce zuciyarta ta gaji. Abu ɗaya take son sani: Indo ta taɓa tunawa da ita?

Rilwanu, ɗalibin da ya kawo wannan, zai karɓi amsa. A huta lafiya.

Juwairiyya

Koki, Kano, 20 ga Maris

Jikata Juwairiyya,

Wa alaikumus salam, na amsa gaisuwa. Amma wace Balarabiya? Bayahudiya ce, kin sani, na sani. Kin ɗauka zan yaga takardar ne? Nono ɗaya muka sha da ita, ba ke za ki ɓoye min ita ba.

Ga abin da Inna ta faɗa min. Sojojin Italiya na kwashe Yahudawan unguwa zuwa sansani, sai maƙwabciyarmu ta miƙo jaririyarta ta kan katanga. Inna ta goya ta, ta rufe da mayafi. To goyo ƙafa yake nunawa, ga ƙafafun farare tas. Sai ta tsoma su a ruwan baba na rini. Ni ta saɓa ni a kafaɗa. A shinge soja ya tambaya, ta ce tagwaye ne, Hassan da Usaina.

Kada ki ɗauka ina murna. An yaye ni da wuri saboda ita, har yau ni ne gajeren gidanmu. Ki gaya mata haka.

Atiku

Wustul Balad, 9 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara. Tsoro na ji. Ko abokan karatuna ban gaya musu gidan wa nake aiki ba, shi ya sa ba ni da abokin hira sai ita.

Na fassara mata takardarka. Ta yaye bargo ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Da na zo kan gajartarka ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ma'alish, ya Hassan," wato ka yi haƙuri. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Ta ce iyayenta ba su dawo daga sansanin ba. Tana shekara huɗu kawunta ya zo ya ɗauke ta zuwa Masar. Tana tuna an ɓamɓare yatsunta daga zanen wata mata, matar kuma ta juya baya ta shige ɗaki, ko waiwaye ba ta yi ba. Wannan bayan ne take gani har yau. Ta ce wataƙila ta zame wa Indo kaya ne, ta ji daɗin sauke ta.

Baba, ba ka amsa tambayarta ba. Yanzu ko baranda ba ta iya fita. Don Allah kada ka jinkirta.

Juwairiyya

Koki, 28 ga Afrilu

Jikata,

Gaisuwa. Na yi shiru ne don abin yana min ciwo, ba don na manta ba.

Kin san yadda ake yi wa tagwaye: abin da aka ba ɗaya, sai an ba ɗayan. Inna ta ce tunda bakinta ya furta tagwaye ne, ba za ta tashi gaban Allah da ƙarya ba. Muka dawo Kano, ba ta fasa ba. In ta saya min hula, sai ta sayi ɗankwali. In ta zuba min tuwo, sai ta zuba na Usaina a wani kwano, ta ba 'yar maƙwabta. Ranar aurena ta sayi turmin atamfa ta ajiye. Ina yaro na tsani kwanon nan, har na taɓa harbi da shi, na sha duka.

Ranar da aka tafi da ita, Inna ba ta waiwaya ba ne don ta ce in ta waiwaya ba za ta bayar ba. Kwana uku ba ta ci abinci ba.

Ƙafafuna ba za su kai ni Masar ba. Ga majanyin da aka goya ta da shi, a ƙasan adakar Inna na same shi. Ki ce wa Usaina yayanta yana gaishe ta. Sa'o'ina duk sun tafi, ita kaɗai ta rage min.

Hassan

Faisal, 15 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Majanyin ya iso ran Litinin. Na karanta mata takardar sau uku. Ta shinshina shi, ta ce, "Khalas, shi ke nan, yanzu na sani." Ta rasu ran Laraba da hantsi, ina riƙe da hannunta. Mu biyar muka raka ta.

Tun ran Talata ta sa na kawo almakashi na raba majanyin biyu. Rabi ɗaya yana tare da ita. Ga naka rabin a hannun Rilwanu. Ta ce Inna ba za ta yarda a ba ɗaya a bar ɗaya ba.

Allah ya ba ka haƙuri. In ba damuwa, zan ci gaba da rubuto maka.

Jikarka,
Juwairiyya