Goron da Kika Mayar Mini

Zuwa ga Yagana, sanyin idona, inuwar da nake hutawa, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. In kin tambayi lafiyata, jiki yana kai-komo tsakanin ɗakina a Yelwa da ɗakin bincike na jami'a, zuciya kuwa tana Shadawanka, a ƙofar gidanku, ta yi sallama har ta gaji.

Jiya kawunki Mijinyawa ya dawo mini da ƙwaryar goron da iyayena suka kai na neman aurenki. Bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce tun ranar da gwajin jinin aure ya nuna kina ɗauke da ƙanjamau, ni kuwa babu, ba ki ci abin kirki ba, kuma ranar Alhamis za ki koma Borno wajen goggonki. Ya ce kullum maganarki ɗaya, wai ke kika buɗe wa cutar ƙofa. Kaico, Yagana! Wannan maganar tawa ce, ni na sa miki ita a baki.

Kin tuna ranar da kika same ni a ɗakin bincike, kina tsokanata irin ta Barebari, wai ga Bafillatani ya bar shanu yana kiwon abin da ido ba ya gani? Na fasa goro na nuna miki yadda iska ke sauya masa launi, na ce aikina ke nan, bayarwa da karɓa tsakanin sinadarai, wannan ya saki, wancan ya cafe. Na ce ƙwayar cutar tana zuwa cikin riga ta maiƙo, mabuɗinta a ɗaure da wani ƙulli na sinadarin farar wuta, ba ta shiga sai wani sinadari da ke bakin ƙwayar jikinmu ya kwance mata ƙullin. Don in burge ki na ƙara gishiri, na ce cutar ba ta fasa gida, mai gida ne ke buɗe mata. Kika yi dariya har mayafinki ya zame. Da na san inda maganar za ta same ki, da harshena na ciza.

Rabin karatu na ba ki, ya abar ƙaunata, ga sauran. Sinadarin nan ba maci amana ba ne. Aikinsa tun halitta shi ne ya kwance abin da ya ɗauru a karkace, ya gyara shi, kuma da babu shi da jiki bai tsaya ba. Cuta ce ta raɓu da aikinsa na alheri ta wuce. Ke me kika yi? Kin auri soja, marigayi Bakari, kin yi jinyarsa wata takwas ana cewa taifot ne, har ya koma ga Allah shi ma bai san abin da ke cinsa ba. Wane alƙali ne zai kira wannan laifi?

Ba zan yaudare ki ba. Shekara shida ina neman abin da zai hana kwance ƙullin, duk maganin da ya hana a cikin kwalbar gwaji sai ya illata ƙwayoyin jikin su ma. Ban warkar da ko mutum ɗaya ba, ga shi wadda na fi so ta zo, hannuna wayam. Da na ce ba zan fasa aurenki ba, Innata ta yi kuka, kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata. Abin da ya rage mana shi ne abin da likita ta faɗa kina kuka ba ki ji ba: in kika riƙe shan maganin ƙanjamau kullum, cutar za ta kwanta har ta kasa tsallakowa gare ni. Ni zan riƙa miƙo miki ruwan shan sa, na rantse.

Goron na naɗe shi da ɗanyen ganye, ina yayyafa masa ruwa kowace safiya don kada iska ta cinye shi. Ranar Alhamis bayan asuba za ki tarar da ni a ƙofar gidanku da ƙwaryar a hannu. In kika wuce ba ki dube ni ba, ba zan tare ki ba. Zan koma Yelwa in ci gaba da yayyafa masa ruwa, don ba wani gidan da zan kai shi.

Naki, wanda ba zai mayar da ke ba,
Hammajoda