Lamba ɗaya kuka ba gari guda, aka ce 'yata ta yi maguɗi

Zuwa ga Babban Darakta na kamfanin sadarwar da ke ba mu intanet a Buza, Madawa da Keita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Yallaɓai, ni tsohon malamin makaranta ne a Deule, kuma na daɗe da layinku a aljihuna. Ban so fito da wannan magana fili ba. Sau uku ina zuwa ofishinku na Buza, sau uku ana ce mini in kashe waya in kunna. Wayata lafiyarta ƙalau, sunan 'yata ne ya ɓaci, kuma ranar Alhamis mai zuwa makarantar da ta nema za ta rufe karɓar koke.

1. 'Yata Rakiya ta nemi shiga jarrabawar makarantar koyon aikin ungozoma. Ta intanet kaɗai ake rajista. Da hannunta ta cika takardun, a wayarta, ina zaune kusa da ita a kan tudun bayan gari inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Sau ɗaya ta aika. Bayan sati biyu sai ga saƙo cewa an soke sunanta, wai ta yi rajista sau biyu.

2. Na je ofishin makarantar da kaina. Wani ma'aikaci ya nuna mini takardu biyu: Rakiya Abdu ta Deule, da Rakiya Abdu ta wani ƙauyen Keita. Shekarar haihuwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya ga Janairu dukansu. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Adar ba zai yi mamakin wannan ba. Yaran da aka haifa a ƙauye ba takarda, in an je yanko musu ita a kotu don shiga makaranta, ɗaya ga Janairu ake rubuta musu. Rakiya da kaka aka haife ta, ana tsakiyar yankan gero, ni na yi mata huɗuba. Sunan Abdu kuwa, a ajin da na koyar na ƙarshe kaɗai mun yi guda huɗu. Ma'aikacin ya yarda da duk wannan. Abin da ya kashe mu shi ne takardun biyu sun fito daga lambar intanet ɗaya, a rana ɗaya. Da suka ga hotuna sun bambanta, sai suka ce ai ta shirya wata ta zauna mata jarrabawar ne a wata cibiya. Ba za su sake duba maganar ba sai da shaida daga gare ku.

3. Ta yaya wayar Deule da wayar Keita za su zama lamba ɗaya? Ba wanda ya amsa mini a ofishinku. Sai a Madawa wani mai gyaran kwamfuta, Malam Isufu, ya zaunar da ni ya fahimtar da ni. Duk wayar da ta shiga intanet da lambar da ake gane ta da ita. Lambobin tsohon tsari sun ƙare a duniya tuntuni. An fito da sabon tsari da ake kira IPv6, mai lambobin da za su ishi kowa, kuma kamfanoni da yawa sun fara komawa kansa. Ku kuwa kun tara mu, garuruwa da ƙauyuka, a bayan lamba ɗaya, kamar fasinjojin motar kasuwa. Ban ce kun yi haram ba. Amma kun san haka kuke yi, ba ku taɓa faɗa mana ba, kuma ma'aikatanku na Buza ko labarin ba su da shi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

4. Makarantar ma da nata laifin, na kuma faɗa musu a gabansu. Sai dai su hukunci suka yi da abin da suka gani, gaskiyar tana hannunku. Bana ce damar Rakiya ta ƙarshe, domin baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida. Magana ta riga ta zaga gari. Yarinyar da mata ke kira ta karanta musu takardar asibiti, yau in ta wuce sai a yi shiru. Ta daina fita, ni kuma ina jin kunyar haɗa ido da ita, don ni na ce mata karatu ba ya cutar da mai gaskiya.

Saboda haka ina roƙo. Ku faɗa wa jama'a yaushe za ku kawo mana sabon tsarin, kuma kafin nan ku sanar da makarantu da ofisoshi cewa lamba ɗaya a wurinku ba mutum ɗaya ba ne. Amma kafin komai, ku ba ni takarda mai hatimi, kafin Alhamis, da ke shaida cewa layuka biyu ne daban suka aika waɗannan takardu. Malam Isufu ya ce na'urorinku na ajiye wannan bayani.

Takardar kuma ku yi ta biyu. Ita ma yarinyar Keita an soke sunanta. Ban san ta ba, ban san ubanta ba, kuma mai yiwuwa a gidansu har yau sun ɗauka da gaske ta yi abin da aka ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya kare maka 'ya'yanka daga ƙazafi.

Wassalam.

Malam Abdu, Deule.