Sanyin da Ƙafarka Ta Sani

Zuwa gare ka Mahamud, inuwar gawona a tsakiyar rani, sanyin randata, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Yau na rubuta sunanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni ɗakinka.

Na ga hoton da ka turo wa ƙanenka Harisu. Kana tsaye cikin teku, ruwa iya gwiwa, ƙafa ba takalmi, takarda a hannu. Sau uku na saurari saƙonka. Ka ce ruwan daɗi na sulalewa ta ƙarƙashin ƙananan tsibiran da kuke aiki a kansu yana zuba cikin ruwan gishiri, ku kuma kuna bin gaɓa kuna sa alama a taswira duk inda ya ɓullo. Ka ce injiniyoyi na da na'urar da ke hango sanyinsa daga sama, amma tafin ƙafarka yakan riga ta. Har da dariya. Ba ka faɗi wanda ya koya wa ƙafar ba.

Ni ban manta ba. Ƙoramar Tabotaki ce, bayan sallar asuba, babana Maiguwa a gaba, kai a baya, ni ina riƙe da takalmanku. Ya ce ka taka a hankali, ka daina kallon ƙasa, yashin da ke kwance kan ruwa sanyinsa daban ne. Sannan ya bar ni gindin aduwa, ya kai ka can gaba, ya nuna maka wurin ruwan da ya ɓoye shekara talatin don ranar da tsohuwar rijiya za ta ƙafe. Ko ɗan cikinsa bai nuna wa ba. Kai ya zaɓa, don ni na zaɓe ka.

Rijiyar ta ƙafe, hasken idona. Baba kuma ya rasu watan jiya, ka sani, ka yi gaisuwa ta waya kamar baƙo. Yana kwance dattawa suka zo tambayar wurin. Ƙafarsa ta daina ɗaukarsa, abin kuma ba na kwatance ba ne. Ya ce su yi haƙuri, amanar tana hannun surukinsa, wanda ya yi alkawarin dawowa kafin bazara. Da wannan maganar ya tafi. Sau biyu aka haƙa, sau biyu aka tarar da dutse. Yanzu mata na kora jakuna da bido, jarkokin ruwa, har rana ta take, in sun wuce ƙofarmu sai su yi shiru.

Yaya zuciyarka ta yarda? Kana ƙirga ruwan da ke ɓacewa cikin gishiri, garin da ya shayar da kai yana tace laka da ɗankwali? Wane teku ne ya fi tsohon da ya ba ka 'yarsa da asirinsa rana ɗaya?

Kada ka turo zanen taswira. Damina biyu sun sauya wa ƙorama kwanciya, aduwar ma ta faɗi. Ƙafarka muke so. Kullum da safe nakan tuɓe takalmi in bi yashin ni kaɗai, in rufe ido yadda Baba ya ce maka, amma ni ko'ina ɗaya nake ji.

Ka ci amanata, zumata, kuma har yau ba ni da wani sai kai. Ka zo kafin su fara rami na uku. Zan bi ka a baya, in riƙe maka takalmanka.

Taka har a rufe ni kusa da Baba,
Sa'ida